Juyin Inji Da Sharuɗɗansa

Tun ran da ilmi ya shigo ƙasar Hausa da maƙwabtanta, littafi bai taɓa daɗewa ba sai ta hanyar juyi. Takarda ta kan tsufa, gara ta kan ci, soro ya kan yi yoyo da damina, amma muddin akwai almajiri mai kyan hannu wanda zai zauna da alƙalami da tawada ya juye abin da ke cikin tsohuwar warƙa zuwa sabuwa, to, littafin bai mutu ba. Ta haka ne talifan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da na ƙanensa Malam Abdullahi, da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da waƙoƙin Nana Asma'u, suka bi hannu hannu har suka iso wannan zamani.

Yanzu masu juyi da hannu sun yi ƙaranci ƙwarai, gama bugun Misira da na Bairut da na Kano ya cika kasuwa, ba mai ɓata wata uku a kan abin da zai saya da kuɗi kaɗan. Amma fa bugu bai kwashe kome da kome ba. Mashahuran littattafai ya ɗauka. Fatawar alƙalin wani gari, da waƙar ajami da wata malama ta tsara wa ɗalibanta, da wasiƙar da falke ya aiko daga Gwanja yana faɗin kuɗin goro, da hashiyar da wani malami ya cika gefen Risala da ita bayan shekara arba'in yana karantarwa, duk waɗannan suna nan guda ɗaiɗai tak, cikin gafaka, a gindin bango ko ƙarƙashin gado. Ran da wuta ta ci su ko ɓera ya yi sheƙa da su, ba wani wuri a duniya da za a koma a samo su.

To, ga shi zamani ya zo da wani irin juyi. A kan shimfiɗa warƙa a bisa tebur, a kafa kyamara a samanta, a ɗauki hotonta, hoton ya shiga kwamfuta. Ba a taɓa rubutun ba, ba a sauya ko ɗigo ba, har dabbaren tawada da hudar da asu ya yi duk suna fitowa. Haƙiƙa ya kamata malamai su karɓi wannan abu hannu bibbiyu. Amma su karɓe shi a matsayin juyi, watau su ɗora masa sharuɗɗan da magabata suka ɗora wa mai juyi: a san asalin da aka juya, a san mai shi, a gwada juyi da asali, a ajiye shi hannun amintattu. In an bar waɗannan, an tara hotuna ne kawai, ba a tsare ilmi ba.

Wanda ke shakkar amfanin abin, labarin Tambutu ya ishe shi. Cikin watan Afrilu na 2012 waɗansu mayaƙa suka kame birnin, suka riƙe shi wajen wata goma, suka rurrushe ƙaburburan waliyyansa. Da suka ga rundunar Faransa da ta Mali ta matso, cikin Janairu na 2013, kafin su fita sai suka sa wuta ga littattafan da suka tarar a sabon ginin Cibiyar Ahmad Baba, wadda aka kafa tun 1973. Abin da ya ƙone ko ya ɓace a nan ya haura 4,000. Labari ya bazu ko'ina cewa ilmin Tambutu ya zama toka. Ashe ba haka ba ne. Tun kafin wannan rana Abdulƙadir Haidara, mai kula da ɗakin littattafan gidansu, shi da sauran masu gidajen littattafai, sun yi ta cusa takardu cikin akwatunan ƙarfe suna fitar da su a ɓoye, waɗansu a mota, waɗansu a jirgin ruwa bisa kogin Kwara, har aka tara fiye da 300,000 a Bamako.

Sun tsira daga wuta, sai ga wani abokin gaba. Tambutu a bakin hamada ta ke, iskarta busasshiya ce, Bamako kuwa gari ne mai damina mai nauyi. Takardar da ta yi shekaru ɗaruruwa cikin bushewa, in ta sha laima a cunkushe cikin akwati, fumfuna ce za ta gama da ita ba da hayaniya ba. Saboda haka aka nemo injunan tsotse laima, aka yi wa littattafan akwatunan kwali na musamman, kuma daga ƙarshen 2013 ƙungiyar masu littattafan, wadda a ke kira SAVAMA, ta gama kai da wani ɗakin littattafai na jihar Minisota ta Amurka, wanda waɗansu Kirista masu zuhudu suka kafa a 1965 don ɗaukar hoton tsofaffin littattafan Turai. Aka kafa kyamarori a Bamako, aka koya wa samarin Mali aikin, suka yi shekaru suna yi har hotuna suka kai miliyoyi. Littattafan ba su bar Mali ba, hotonsu ne ya ƙetare teku. A 2022 kamfanin Google ya baje shafuka wajen 40,000 daga cikinsu a intanet don kowa ya gani, a watan Agusta na 2025 kuma gwamnatin Mali ta fara mai da littattafan Cibiyar Ahmad Baba gida Tambutu a jirgin sama.

Wannan shi ne rabin labarin da a ke yawan bayarwa. Ɗaya rabin, wanda ya fi shafar malamai, shi ne cewa kyamara tana da sauri, karatu kuwa ba shi da sauri. Yaro mai natsuwa, in an koya masa, ya kan ɗauki ɗaruruwan shafuka a yini guda. Amma kafin a ce wannan warƙa ta wane littafi ce, wa ya wallafa shi, fiƙihu ne ko nahawu ko ɗibbu, cikakke ne ko farkonsa ya ɓace, lalle sai wanda ya ci tuwon makaranta ya zauna ya karanta. Da yawa daga takardun Tambutu ma ba littattafai ba ne, warƙa ɗaya ce ko biyu: takardar bashi, da shaidar ciniki, da wasiƙun fatake tsakanin Tambutu da Gadamas. Don haka ɗaukar hoto ya kan ƙare, rubuta fihirisa ya rage a baya da nisa. Attajiri ya fi kowa gane wannan. A ce ga rumfa cike da ƙunshin kaya har rufi, ba alama a jikin ko ɗaya, ba littafin lissafi, wanda ya shigo da su kuma ya rasu. Dukiya tana nan, amma in mai saye ya zo neman turmi guda na wani irin yadi, sai a kwance rumfar duka. Haka hoto dubu ɗari ya ke cikin kwamfuta in ba fihirisa.

Fihirisar nan kuwa ba baƙon abu ba ne. Mai juyi na da, in ya kai ƙarshen littafi, ya kan rubuta sunan littafin, da sunansa, da sunan wanda ya juya dominsa, wani lokaci har da rana da wata da shekara, sa'an nan ya roƙi mai karatu addu'a. Abin da a ke bukata yau shi ne wannan, da ƙari kaɗan. Kowane littafi a ba shi lamba tasa wadda ba za ta sake ba har abada, lambar nan ta zama ita ce a jikin kwalinsa, ita ce sunan hotunansa, ita ce a cikin fihirisa. A rubuta harshensa, Larabci ne ko ajamin Hausa ko na Fulatanci ko Barbarci, da yawan warƙoƙinsa, da tsawonsa da faɗinsa, da layin farko da na ƙarshe, domin da su a ke gane littafin da ya rasa suna. A rubuta gidan da ya ke, da yadda ya zo gidan, gado ne ko saye ko kyauta, gama wannan shi ne isnadin takarda.

Akwai wani wuri da littattafan wannan yanki suka bambanta da na Gabas, kuma duk wanda zai ɗauki hotonsu tilas ya san shi. Ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne sake, a tara su tsakanin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a sa a gafaka. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar nan da mai juyi ke rubutawa a gindin shafi, wadda da ita warƙa ta gaba za ta fara. In littafi ya yi shekaru yana yawo hannun almajirai, warƙar Ishriniya ta kan faɗa cikin Ashmawi, ta Ashmawi ta shiga Iziyya. Mai kyamara wanda bai iya karatu ba zai ɗauke su yadda ya same su, ya ba su suna ɗaya, kuskuren ya tabbata, ya bazu duniya. Daidai ne a fara ɗauka yadda aka tarar, don yadda aka tarar ɗin ma shaida ce, amma lalle malami ya bi baya ya nuna inda jeri ya karye. Kada kuma a raina shafin da ba rubutu, ko tadarishi, ko gafakar kanta. Har cikin jikin takarda akwai labari. In an ɗaga tsohuwar warƙa an haska fitila ta bayanta, sau da yawa a kan ga jinjirin wata guda uku a jere. Tambarin masu yin takarda ne na ƙasar Italiya, wadda ayari ke ɗaukowa ta Tarabulus da Misira, kuma da irin waɗannan tambura masana ke kintatar shekarun littafin da mai juyinsa bai sa tarihi ba. Hoton da aka ɗauka da haske ta gaba kaɗai ba ya nuna su.

Sai maganar sunaye, wadda ƙarama ce a ido amma ta kan ɓad da littafi sarai. Kwamfuta ba ta da hankalin da za ta gane cewa Usmanu ɗan Fodiyo da Usman bin Fudi da Ibn Fodiye mutum ɗaya ne, sai an gaya mata. In kowane gari ya rubuta yadda ya ga dama, mai nema zai sami sulusi ya rasa sulusi biyu. Akwai tushe da za a dogara a kai, gama John Hunwick, wanda ya kafa cibiyar tattara takardun Larabci a Jami'ar Ibadan a 1964, ya fitar da babban kundi a 1995 mai jera marubutan wannan yanki da talifansu. Ya kamata kuma fihirisa ta zama da haruffan Larabci da na boko duka biyu, don kada mai littafi ya kasa karanta bayanin littafin kakansa. Wannan ya sauƙaƙa yanzu. Tun 2016 aka shigar da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, irin na Warash, cikin jerin haruffan da kwamfutocin duniya suka yi ittifaƙi a kai, har an ƙera wani salon haruffa mai suna Alkalami bisa rubutun Kano. Karanta rubutun hannu na ajami dai, da kowane malami ke da tasa dabarar rubuta tsa da ɓa da ƙya, wannan har yanzu aikin mutum ne.

Kada kuwa wani ya zaci abin da ya shiga inji ya tsira ke nan. A Ingila akwai littafin ƙidayar ƙasa da dukiya wanda Sarki Wiliyam ya sa aka rubuta a kan fata a 1086, yana nan ana karanta shi. Da ya cika shekara 900, a 1986, gidan rediyon BBC ya yi wani sabo irinsa a kan faifai na zamani, da taimakon 'yan makaranta na ƙasar duka. Ba a yi shekara ashirin ba injin da ke karanta faifan ya kusa ƙarewa a duniya, sai da masana suka sha wahala kafin su ceto abin da ke ciki. A watan Oktoba na 2023 kuma ɓarayin intanet suka kutsa cikin kwamfutocin babban ɗakin littattafai na Birtaniya a Landan, suka kulle su, suka nemi fansa. Aka ƙi biya, aka yi watanni masu karatu ba su iya duba fihirisa ba, hotunan littattafan ƙasashe da yawa da ke ajiye can suka daina buɗuwa. In haka ta sami Landan, ina ga faifan ajiya guda ɗaya da ke cikin aljihun tebur a ɗaki mai zafi da ƙura, inda wutar lantarki ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama? Ko ɗan siririn fim ɗin da aka riƙa ɗaukar littattafai da shi shekaru sittin da suka wuce, in zafi da laima sun dame shi, ya kan yi warin tsami ya lanƙwashe.

Masu wannan sana'a sun tsai da ƙa'ida: kowane hoto a yi masa kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari dabam. Suna da tasu muƙabalar kuma. Kwamfuta ta kan lissafa wata doguwar lamba daga dukan abin da ke cikin hoto, in ko ɗigo ɗaya ya lalace lambar sai ta sauya. Lokaci lokaci a kan sake lissafi a gwada da na farko, wanda ya ɓaci a maye shi da lafiyayye, bayan 'yan shekaru kuma a kwashe duka zuwa sabon ma'aji tun tsohon bai gaza ba. Hoton asali a ajiye shi da cikakken nauyinsa, da ma'aunin tsawo da na launi a gefensa. Wanda aka aika ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, ƙananan wasula da hashiya sun dushe, ya isa a yi muɗala'a amma bai isa ajiya ba.

Asalin kuma yana nan da haƙƙinsa. An sha ganin mai kyakkyawar niyya ya ɗauki tsohuwar warƙa ya kai an liƙe ta cikin leda da zafi, ko ya bi yagewarta da salatif, yana ganin gyara ya yi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Danƙon ya kan shiga jikin takarda ya rine ta, ba ya fita sai da rubutun. Abin da littafi ke so kaɗan ne: a kaɗe ƙura da tattausan buroshi, a sa shi cikin kwali mai kyau, a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bango, kada a fesa masa maganin ƙwari.

Malamai da yawa suna ɗari-ɗari da masu zuwa da kyamara, kuma ba a ce ba su da hujja ba. An ga littattafai sun fita ba su komo ba. Alhaji Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962, ya bar takardu fiye da 3,000, suna can yau a Jami'ar Northwestern kusa da Shikago. An tsare su wuri ɗaya, an yi musu fihirisa, har masana sun san abin da falken Kano ke karantawa a zamaninsa, wannan alheri ne. Amma garinsu ya rabu da su. Fa'idar hoto ita ce ya raba wannan gardama, littafi ya zauna gidansa, hoto ya yi tafiya. Sai dai a yi shi da yarjejeniya a rubuce, da shaidu, kamar kowane ciniki. Mai littafi ya karɓi cikakken kwafi, ba ragowa ba. A ambaci sunan gidansa duk inda aka nuna hoton. Ya san tun farko ko za a baje shi ga duniya ne, domin shirin nan na Landan mai ba da kuɗin ceton takardu tun 2004, ko da ya ke sharaɗinsa ne asali ya zauna ƙasarsa, sharaɗinsa ne kuma a sa hotunan a intanet kowa ya gani kyauta. Kundin asirai da wasiƙun cikin gida, mai su yana da ikon ya ce a ɗauka a kulle, ko kada a ɗauka sam.

Saura wa zai biya. Kuɗin waje na shekara ɗaya ne ko biyu, a sayi kyamara, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto, a watse. Albashin mai fihirisa, da sabon ma'aji, da hasken rana da zai riƙe inji, waɗannan ba su ƙarewa, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ga Gidan Arewa a Kaduna, wanda Abdullahi Smith ya kafa a 1970, ga ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ga Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga sashen littattafan Larabci da ajami na Jami'ar Yamai. In waɗannan suka riƙa musayar kwafi, na Sakkwato ya kwana a Kaduna, na Kano ya kwana a Yamai, sharaɗin gari dabam ya cika ba sai an dogara ga ƙetare kaɗai ba. Attajiran Kurmi da na Kantin Kwari ba su gaza gina masallatai da haƙa rijiyoyi ba. Wakafin rumfa guda, a ce kuɗin hayarta na malami ɗaya ne da almajiri ɗaya masu rubuta fihirisa, bai fi ƙarfin mutum ɗaya daga cikinsu ba. Takardun da za a tsare ɗin ma, wani kashi nasu na kakannin fatake ne.

Wurin da littattafai suka fi watsewa shi ne rabon gado. Malami ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyu, a kasa littattafansa kashi kashi, wani lokaci littafi guda mai kauri a raba warƙoƙinsa, wannan ya tafi Gusau da rabi, wancan ya tafi Kumasi da rabi, wanda bai yi karatu ba ya sa nasa a buhu. Alƙalai da masu rabo suna iya ba magada shawara a jinkirta kason littattafai har a ɗauki hotonsu a rubuta su tukuna, kowane magaji ya tafi da kwafin duka tare da rabonsa, in kuwa sun yarda su bar asalin wuri ɗaya a matsayin wakafi, ya fi. Wanda ya fi wannan kuma shi ne a yi aikin tun mai littattafan yana da rai. Shi ya san hannun wane ne wannan, wa ya ba shi wancan a hanyar Makka, wace warƙa ce ta ɓace tun shekarar da ɗaki ya rushe. A zaunar da jikansa mai kwamfuta a gabansa bayan la'asar, gafaka ɗaya kowace rana, tsoho yana faɗi yaro yana rubutawa, a kuma ɗauki muryarsa a ajiye ta ƙarƙashin lambar littafin.